Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Soson EPS da na XPS Don Tare Zafi a Gini, da Yadda Ake Sa Kowanne

Duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano ko dekin a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ya san cewa zafin da rufi ya sha da rana ba ya tafiya da faɗuwarta, yana nan yana saukowa kan masu barci har tsakar dare. Soron ƙasa mai azara yana da kaurin da ke jinkirta wannan zafi, amma ginin bulo da siminti ba shi da shi, shi ya sa ake ƙara masa abin da zai tare. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne allon soson polistirin, wanda yake iri biyu, EPS da XPS. Na daɗe ina sa su a rufi da bango da ɗakunan sanyi, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce wanne ya fi. Abin da nake cewa kullum shi ne wurin da za a sa allon ne ke yin zaɓin: inda ruwa ke kwanciya ko nauyi ke hawa a sa XPS, inda kuwa yake a bushe kuma ba a taka shi, EPS mai kauri ya fi riba.

EPS shi ne farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tallafe firji ko talabijin da shi a cikin kwali. Ana kumbura ƙananan ƙwayoyin roba da tururi a cikin mazubi har su manne da juna, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce. Kamfanin BASF na Jamus ne ya fito da shi a farkon shekarun 1950 da sunan Styropor. XPS kuwa narkar da robar ake yi a tura ta ta wata kafa, ta fito a cure, da fata mai sulɓi, babu ƙwayoyi balle ramuka a tsakaninsu. Kamfanin Dow na Amurka ne ya fara yin sa a shekarun 1940 da sunan Styrofoam. Ana samun sa shuɗi ko ruwan hoda ko kore ko rawaya, launin kuma alamar kamfani ce kawai, ba shaidar inganci ba. Duk bambancin da za mu gani nan gaba daga wannan yake: ruwa yana samun hanya tsakanin ƙwayoyin EPS, a XPS kuwa da ƙyar yake samu.

Kayan aiki da kayan da za a tanada

- Tef ɗin awo, alli ko biro mai kauri, da dogon katako ko ƙarfe miƙaƙƙe na jan layi.
- Wuƙar reza mai dogon baki da sababbin bakuna da yawa, da zarto mai ƙananan haƙora don allo mai kauri.
- Ƙaramin sikeli mai nuna giram, irin na masu sayar da kayan miya ko na kicin, da bokitin ruwa. Waɗannan na gwajin allo ne kafin a biya kuɗi.
- Lebur, cokalin gini, guduma, da injin huda bango.
- Gam na siminti irin wanda ake liƙa tayil da shi, ko kumfar gwangwani ta foliyuritan, wato kumfar roba da ake fesawa ta kumbura ta daskare, wadda aka rubuta cewa ta dace da polistirin.
- Ƙusoshin roba masu faffaɗan kai, ragar zaren gilas ta filasta, leda mai kauri, da tef mai fuskar alminiyam na rufe gaɓa.
- Takunkumi da tabarau, domin garin soson yana tashi sosai lokacin yanka da zarto.

1. Ka tsaya a wurin ka amsa tambayoyi uku

Kafin ka nufi kasuwa, ka je wurin da za a sa allon ka tambayi kanka: shin ruwa zai taɓa shi ko ya kwanta a kansa, shin za a taka shi ko a ɗora masa kaya, kuma shin zai taɓa wani abu mai zafi sosai? Saman silin ƙarƙashin kwano a bushe yake kuma ba a taka shi, don haka na EPS ne. Saman dekin da ruwan damina ke zuba a kai, da gindin bango da ke shan fantsamar indararo, da daɓen ɗakin sanyi, duk na XPS ne. Jikin bango daga sama da gindi yana karɓar kowanne, amma filasta ta fi kama EPS.

Idan kuɗi bai isa a yi ko'ina ba, a fara da rufi, domin ta nan mafi yawan zafi ke shiga gidan da ba bene ba, sai bangon yamma ya biyo baya. Ba na ba mai gida shawarar ya sa soso ƙarƙashin daɓen ɗakin kwana a ƙasarmu, saboda a bazara ƙasa ta fi iskar waje sanyi, kuma raba ɗaki da wannan sanyin asarar kuɗi ce.

2. Ka karanta lambobi uku a jikin ledar kunshin

Lamba ta farko ita ce ta yadda zafi ke ratsa allon, ana sa mata alamar λ, wadda ake kira lamda, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon kyan allon. Farin EPS yakan kama daga 0.035 zuwa 0.040, XPS kuma daga 0.029 zuwa 0.036. Akwai EPS mai launin toka da aka gauraya da garin girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, wanda ke saukowa zuwa wajen 0.031 ko 0.032, wato yana kafaɗa da kafaɗa da XPS wajen tare zafi, ko da yake halinsa da ruwa na EPS ne.

Ta biyu ita ce ƙarfin ɗaukar nauyi, da ake aunawa da kPa, wato ma'aunin matsin da allon zai iya jurewa. Idan ka ga an rubuta EPS 70 ko EPS 100 ko EPS 150, wannan ƙarfin ake nufi. XPS yakan fara daga 200 ko 300, akwai na 500 da na 700 don wuraren da mota ke hawa. Ta uku ita ce shan ruwa: idan aka nutsar da su, XPS mai kyau ba ya kai kashi 1 cikin 100 na girmansa, EPS kuwa yakan sha kashi 2 zuwa 4, wani ma fiye. Soso mai ɗauke da ruwa ba ya tare zafi yadda ya kamata, domin ruwa ya fi iska kai zafi nesa ba kusa ba.

Akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Wani ɓangare na fifikon XPS daga iskar gas ɗin da aka kumbura shi da ita yake, kuma wannan iska tana sulalewa a hankali cikin shekaru, iskar duniya ta maye gurbinta, sai ratar da ke tsakaninsa da EPS ta ragu. EPS tun farko iskar duniya ce a cikinsa, don haka yadda ka saye shi haka zai zauna matuƙar bai jiƙe ba.

3. Ka lissafa kauri, sannan ka kwatanta farashi

Lissafin guda ɗaya ne: ka raba kaurin allon, a mita, da lambar λ, abin da ya fito shi ne ƙarfin tare zafi, wanda ake kira R. XPS mai kaurin santimita 5 da λ 0.034 yana ba da 0.05 ÷ 0.034, wato kusan 1.5. EPS mai kaurin santimita 5 da λ 0.038 yana ba da 1.3, idan kuma aka kai shi santimita 6 ya kusa 1.6, ya wuce wancan ke nan. Don ka gane girman abin, dekin mai kaurin santimita 15 bai fi 0.1 ba, wato sai an zuba kankare mai kaurin kusan mita 2 kafin ya yi aikin soso na santimita 5.

Daga nan sai ka raba kuɗin murabba'in mita ɗaya da lambar R, ka ga wanne ya fi araha a kan aikin da yake yi. Idan, alal misali, XPS na santimita 5 ya ninka kuɗin EPS mai wannan kaurin, to da kuɗin nan za ka sayi EPS na santimita 10, ka sami 2.6 maimakon 1.5. A saman silin, inda fili yake a wadace, wannan shi ne abin yi. A rufi kada ka gaza santimita 5, kuma 8 zuwa 10 ya fi idan ɗakin na da na'urar sanyaya ɗaki. Ka ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kan faɗin da ka auna saboda yanka da karaya.

4. Ka gwada allon kafin ka biya

Yawancin EPS da ke kasuwa a buɗe yake zuwa, an yanko shi daga babban dunƙule, babu leda babu rubutu. A nan sikeli ke aiki. Allo mai tsawon mita 1.2, faɗin santimita 60 da kaurin santimita 5 zai yi giram 360 idan na kilo 10 ne a kowace mita kubik, wato dunƙulen da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne mita ɗaya ne, giram 540 idan na kilo 15 ne, giram 720 kuma idan na kilo 20 ne. Na kilo 10 na cushe kaya ne a kwali, ba na gini ba. A silin ka nemi na 15 zuwa sama, a bango na 15 zuwa 20, a ƙarƙashin daɓe kuma na 25 zuwa sama. XPS mai tsawon mita 1.25 da faɗin santimita 60 da kaurin 5 yakan kai kilo ɗaya da 'yan kai.

Sai ka karyi ɗan gefe ka duba bakin karayar. A EPS mai kyau ƙwayoyin da kansu ke tsagewa, saboda sun manne sosai. Idan kuwa suka riƙa zubowa ɗai-ɗai a tafin hannunka kamar gero, kowace da jikinta cikakke, to bai dahu a mazubi ba, kuma ruwa zai ratsa shi cikin sauƙi. Ka danna da babban yatsa: XPS na gaske da ƙyar yake lotsawa. Idan kana da lokaci, ka auna guntu, ka danne shi da dutse a bokitin ruwa kwana biyu, ka goge shi ka sake aunawa, za ka ga bambancin da idonka.

5. Ajiya da yanka

Ka jera allunan a kwance a inuwa, nesa da murhu da janareta da masu walda, ka ɗora musu katako don iska. Rana tana cin fuskar soson, ta mayar da ita rawaya mai gari-gari wadda gam ba ya kamawa. Idan hakan ta faru sai a goge da samfefa har fari ya fito. Kada a lulluɓe su da leda mai haske a rana, domin zafin da ke taruwa a ciki yana lanƙwasa su, musamman mai launin toka.

Wajen yanka, ka ja layi, ka danne da miƙaƙƙen katako, ka bi da wuƙa sau biyu ko uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Da zarar wuƙa ta fara jan ƙwayoyi, ka canza baki. Allon da zai shiga tsakanin katako biyu ka ƙara masa milimita 2 ko 3 don ya shiga a matse.

Babban gargaɗi a nan shi ne fetur da tina da fentin mai da gam ɗin takalmi da kwalta mai ruwa-ruwa duk suna narkar da iri biyun. A farkon shigata wannan sana'a na taɓa shafa gam ɗin takalmi a allo huɗu don in liƙa su a bango, kafin in juyo da na biyar na farkon ya yi ramuka kamar saƙar zuma, yana ta tsiyaya. Duk gam ɗin da ba ka sani ba, ka ɗiga shi a guntu ka jira minti goma.

6. Sa EPS a saman silin

Ka fara gyara duk wani yoyo a kwano, ka share saman silin. Ka shimfiɗa allunan a kan allon silin tsakanin katakai, a matse da juna, ka cike duk wata kafa da siraran guntaye ko kumfar gwangwani, ka bi gaɓoɓin da tef. Idan kauri biyu za ka jera, na sama ya haye gaɓar na ƙasa, ya kuma rufe katakan. Kafar da yatsa ke shiga ta isa ta rage amfanin aikin sosai, domin zafi ta nan zai bi.

Kada soson ya taɓa kwano. Masu yin sa sun iyakance shi da zafin digiri 75 zuwa 80, kuma kwano mai duhun launi yana iya kaiwa kusa da haka a tsakar ranar bazara, sai allon ya tsuke ya bar kafofi. Ka bar tazarar santimita 5 ko fiye, ka kuma bar ƙofofin iska a gefen rufin, a sa musu raga don ɓeraye da tsuntsaye. Fitilun da ake nutsarwa cikin silin a bar musu fili kewaye, kada a rufe kansu.

Idan silin ya riga ya rufe kuma babu hanyar shiga, ana iya ɗage kwano layi-layi a sa daga sama, ko a liƙa allunan daga ƙasa a yi sabon silin na jifsam, wato farin allo irin na POP, a ƙarƙashinsu.

7. Sa XPS a saman dekin

Wannan shi ne aikin da ba na yarda a yi wa rowa. Ka tabbatar da gangare zuwa indararo, kamar santimita 2 a kowace mita. Ka yi shimfiɗar hana yoyo a kan kankaren kai tsaye, ka ɗaga ta jikin katangar gefe aƙalla santimita 15 sama da inda tsakuwa za ta tsaya, sannan ka toshe indararo ka tara ruwa kwana ɗaya ko biyu ka duba ƙasa. Idan da wuta ake manna shimfiɗar, a gama duk aikin wutar, kwaltar ta bushe sarai, kafin allo ko ɗaya ya hau rufin.

Sai ka jera XPS mai ƙarfin 300, gara mai bakin da ke hawa kan ɗan'uwansa, a sake ba tare da gam ba, gaɓoɓin suna saɓawa kamar jerin bulo. Ka lulluɓe da ƙyallen tace ƙasa wanda ruwa ke ratsawa, ba leda ba, gefunansa suna hawa juna, ka danne da wankakkiyar tsakuwa mai kaurin santimita 5 ko fiye, ko falankin kankare idan za a riƙa hawa shan iska ko shanya. Iyakar abin da za ka iya dannewa a ranar shi za ka shimfiɗa, domin iskar hadari tana kwashe allon da ba a danne ba, ruwa kuma yana ɗaga shi. Amfanin wannan tsari biyu ne: ɗaki ya yi sanyi, shimfiɗar hana yoyo kuma ta huta da rana, ta daɗe.

An taɓa kirana wani gida da aka yi wannan tsarin da farin EPS mara nauyi don rage kuɗi. Bayan damina biyu na ɗaga allo ɗaya, sai da na sa hannu biyu, ruwa yana ɗiga daga jikinsa, ƙasansa ya yi gansakuka, mai gidan kuma yana cewa zafin ya dawo kamar ba a yi komai ba. Idan XPS ya gagara samu, sai a juya tsarin: a shimfiɗa leda a kan dekin, a jera EPS 150 ko sama da haka, a sake leda, a zuba daɓen siminti na santimita 5 da gangarensa, sannan a yi shimfiɗar hana yoyo a can sama, ta yadda ruwa ba zai taɓa kai wa soson ba.

8. Bango daga waje

Bangon ya kasance a bushe, a share ƙura da fentin da ke ɓarewa. Ka kafa miƙaƙƙen ƙarfe ko katako da lebur a ƙasa don layin farko. Ka shafa gam na siminti kewaye da gefen allon da dunƙule uku a tsakiya, ta yadda bayan dannawa zai kama aƙalla kashi 40 cikin 100 na bayansa. Masu sa ɗigo huɗu kawai suna barin hanyar da iska, da wuta ma, za ta bi ta baya. Bayan kwana biyu ka kafa ƙusoshin roba, kamar shida a kowane murabba'in mita. Ka shafa filastar farko, ka nutsar da raga a cikinta tun tana ɗanya, gefunan suna hawa juna da santimita 10, ka ƙara guntun raga a karkace a kusurwar kowace taga da ƙofa, domin daga nan tsagewa ke farawa.

Layin ƙasa, kamar santimita 30 na farko, ka yi shi da XPS saboda fantsamar ruwa, amma ka kankare fatarsa da samfefa mai kaushi ko haƙoran zarto, in ba haka ba filasta za ta ɓare. Gara ba ta cin soso a matsayin abinci, amma tana huda shi ta yi hanya zuwa katakon rufi ba tare da an gan ta ba. Don haka ba na kai allo cikin ƙasa a gidajenmu. Ina barin tazarar santimita 15 da ido zai riƙa gani, a kuma zuba maganin gara a gindin ginin kafin a fara.

9. Ɗakin sanyi

A ɗakin ajiye kifi ko nama ko kayan lambu, ƙasa ta XPS ce, bango da sama kuma ana iya yin su da EPS mai nauyi, santimita 10 don sanyi na yau da kullum, 15 ko fiye don daskarewa. Ledar hana raɓa tana zama ta ɓangaren da ya fi ɗumi, wato ta waje, a rufe gaɓoɓinta da tef babu huda ko ɗaya. Wanda ya sa ta ta ciki zai tara danshin watan Agusta a jikin soson har ya zama ƙanƙara.

10. Ka rufe shi saboda wuta da waya

Iri biyun duka suna ci da wuta, suna narkewa suna ɗiga, suna fitar da baƙin hayaƙi mai kisa. Maganin rage kamawa da ake sa wa na gini yana jinkirta ƙaramin tartsatsi ne kawai. Saboda haka kada a bar soso a buɗe a cikin ɗakin da mutane ke zama: a rufe shi da allon jifsam na milimita 12.5 ko filastar siminti. Silin na roba ba kariya ba ne, shi ma narkewa yake yi. A kicin, da kewayen bututun hayaƙi da ɗakin janareta, a bar polistirin gaba ɗaya a nemi ulun dutse ko na gilas, wato abin tare zafi mai kama da auduga da ake yi da zaren dutse ko na gilas.

Wayar lantarki kuma kada ta kwanta a jikin soson kai tsaye. Sinadarin da ke sa rigar wayar laushi yana tsotsuwa zuwa cikin polistirin, rigar ta bushe ta riƙa tsagewa, ga shi kuma wayar da aka binne a soso ba ta samun hanyar huce zafinta. A bi da ita ta cikin bututu, a ɗaga ta sama da allunan.

11. Ka duba aikin

Da misalin ƙarfe uku na rana ka hau tsani ka bi silin da bayan hannunka. Ya kamata ka ji ɗuminsa iri ɗaya ko'ina. Duk inda ka ji layi mai zafi, akwai gaɓar da ta buɗe ko allon da ya goce a samansa, sai ka yi alama da alli ka hau ka cike. A saman dekin kuma, bayan ruwan farko mai ƙarfi, ka share bakin indararo, ka ɗaga tsakuwa a kusurwa ɗaya ko biyu ka ga ko allunan suna nan a jere kuma ruwa bai kwanta ba, sannan ka maimaita wannan dubawar a ƙarshen kowace damina.